Ranar da Gidana Ya Kira Malama Marar Kunya

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da karatun mata ya faɗo gidana ba. Mu goma sha biyu ne a unguwarmu nan Daura, kowane mako mu taru gidan ɗaya, Malama Saude ta zo ta biya mana hadisi. Dattijuwa ce, ita ta koyar da yawancinmu tun muna 'yan mata.

Lokacin bai fi wata ɗaya ba da maigida ya sayo kayan zamani daga Kano, aka haɗa su da solar gidanmu: ƙwan lantarki da fanka masu bin umarnin waya, makullin ƙofa mai rufe kansa, da wata 'yar na'ura a tsakar gida mai jin motsi, haɗe da lasifika. Mai haɗawa ya ce zai tsara mana manhajar da ke sarrafa su a waya, na ce ya bari. Ni da na gama sakandare? (Allah Ya yafe min, har da yi masa kallon raini.)

A manhajar akwai wani tsari: idan wayar da aka zaɓa ta yi nisa da gida, sai na'ura ta ɗauka babu kowa, ta kashe komai, ta kulle ƙofa, ta hau gadi. Na zaɓi tawa wayar, tunda ni ce mai zaman gida. Aka ce in zaɓi ƙarar korar ɓarawo, na ga jiniya ba ta wa'azi, sai na naɗi muryata.

To, gilashin wayata ya tsage, ni kuma so nake bayan karatu in nuna wa mata yadda nake kunna fitila daga zaune. Musamman Hajiya Ladi, wadda makon da ya wuce muka sha zufa a gidanta, na dawo ina ta tsegumi a raina. Mata na shigowa, maigida na shirin ba mu wuri, na laɓe na miƙa masa wayar.

"Don Allah Baban Amira, a canza min gilashi kafin mu tashi."

"Minti ashirin," in ji shi.

Malama ba ta gama hadisi na farko ba fankoki suka tsaya cak. Fitilu suka mutu. Daga zaure na ji wani ƙaras, ban kawo komai a raina ba.

"Au, solar ma ana ɗaukewa?" in ji Hajiya Ladi, tana fifita da gefen hijabi.

Na ce gyara take yi wa kanta. (Ƙarya a gaban littafin hadisi, jama'a.)

Da aka kira la'asar, Malama ta fita tsakar gida za ta yi alwala. Ta sunkuya ta ɗauki buta ke nan, sai muryata ta fashe daga saman bango, da ƙarfin da har maƙwabta sun ji:

"Kai marar kunya! Ajiye abin da ka ɗauka, ba naka ba ne! Ka ji tsoron Allah! In yunwa ce ta kawo ka, akwai ɗumame a kicin."

Malama ta ajiye butar a hankali. Wallahi ta ajiye.

Na fito a guje ina salati, motsina ya sake tayar da abin. Mata suka fito kallo, ya ƙara maimaitawa. Ina durƙushe ina "Malama ki yafe min," muryata a sama tana "marar kunya." Hajiya Ladi ta dafa bango don dariya.

"Maman Amira, ashe haka kike karɓar baƙi? Mu a gidanmu zufa kawai ake sha, ba a haɗawa da zagi."

Na rasa yadda zan kashe shi, wayar ba ta nan. Na ari ta wata na kira lambata, a kashe, tana hannun mai gyara a buɗe. Lambar maigida kuwa, shekara tara da aure, ashe ban haddace ba. Daga ƙarshe na shiga ɗaki na sauke makunnin sola gaba ɗaya. Murya ta yi shiru, amma makullin ƙofa batirinsa daban, mukullin hannu kuma yana aljihun maigida, wanda aka kira shi garin Sandamu ganin wani bijimi, ya manta da ni da wayata.

Haka muka zauna a kulle har dab da magariba, lokacin da maigida ya dawo ya buɗe mana. Mazaje na ta kira, kowace tana bayani: "Muna gidan Maman Amira, gidan ne ya kama mu." Wata mai goyo ta bar jaririnta wurin surukarta, idonta ya ciko da hawaye, nan ne kunyar ta kai min har ƙashi.

Malama dai ba ta yi faɗa ba. Da muka idar da salla ta dube ni ta ce, "'Yar nan, tunda mun daɗe, a kawo ɗumamen." Aka kawo, ta ci loma biyu don ta rufa min asiri.

Mako na gaba, a gidan wata, ta biya mana babin riya. Ba ta kalle ni ko sau ɗaya ba, sauran matan ne suka yi mata wannan aikin.

Na goge muryar, na kira mai haɗawar na ba shi haƙuri ya tsara komai. Abin da na koya kuwa: duk maganar da ba zan iya faɗa wa mutum ido da ido ba, kada in ba inji ajiyarta. Shi bai san girman kowa ba, kuma ba ya gajiya da maimaitawa.