Ta Rasu da Sababbin Tayoyi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin komai, iyalan Baba mai koyar da tuƙi ke sanar da 'yan uwa da tsofaffin ɗalibai rasuwar motarsa, 'yar farar nan mai birki biyu, ɗaya na ɗan koyo ɗaya na malami. Ta cika ranar Talata da hantsi a kwanar bayan asibiti, ana tsaka da ruwan sama.

Marigayiya mai haƙuri ce. 'Yan koyo sun sha kashe ta a tsakiyar titi, sun sha saka mata giyar baya suna nufin ta gaba, ba ta taɓa riƙe kowa a zuci ba. Iyakar ƙorafinta shi ne "kirr, kirr" da safe kafin ta tashi. Duk rayuwarta a kan ƙananan wili ta yi ta, da sirarun tayoyi masu tudu da zurfin zane. Kyau dai babu, amma suna shanye rami, kuma idan ruwa ya kwanta a kwalta sai su tsaga shi su kama ƙasa.

Ciwon ajalinta a matsayin kyauta ya shigo gidan. Auta, ɗan Baba, ya samu aiki bayan dogon zaman jira. Da albashinsa na farko ya sayo manyan wili masu ƙyalli da faffaɗan tayoyi marasa tudu, ya kai motar wurin mai faci a ɓoye, ya dawo yana danna hon tun daga bakin layi.

"Baba, fito ka ga yarinya ta dawo ɗanya!"

Baba ya fito ya gani. Ya san abin da faffaɗar taya ke yi a kan kwantaccen ruwa, shi da ke koya wa mutane. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga yaron da ya daɗe bai ji dariyarsa ba yana washe haƙora. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Ba za a yi wa sababbin tayoyin ƙarya ba, a busasshiyar hanya suna riƙe kwana kamar an liƙa su. Sai dai sitiyari ya yi nauyi, tashi ya koma da ƙyar, kowane rami sai an ji shi a ƙugu. Baba ya ƙudurta mayar da tsofaffin idan ɗokin yaron ya lafa, damina ta riga shi.

A ranar da ta cika, wata malamar makaranta ce ke koyon tuƙi. Ta juya sitiyari daidai yadda aka koya mata, motar ta ƙi juyawa, ta miƙe tana sulɓi a saman ruwa. Baba ya taka nasa birkin, tayoyin ba su samu ƙasar da za su kama ba. Kwalbati ce ta tare ta. Babu wanda ya ji ciwo. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "tsss", daga lagireto.

Ta bar ɗaliban da ba su gama koyon ribas ba, da jak, da Baba, wanda tun ranar yake wuni a kan benci da makulli a hannu. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Da Auta ya durƙusa a gabansa ya ce, "Baba, wai me ya same ta?" sai ya ce, "Tsufa ne kawai."

Motar janwe za ta ɗauki gawar ranar Asabar da safe zuwa wurin 'yan gwangwan, za a kuma karɓi gaisuwa a ƙofar gida. Ana roƙon bakanikai, musamman mai faci, su yi gaisuwa su tashi, kada a yi zancen taya a gaban Auta.

Ba za a kai ta da wilin ba, don sun fita ko ƙwarzane babu. Auta ya kwance su ya wanke tas, ya jingine su a ɗakin Baba, ya ce yana nan yana tari ya saya masa wata motar a ɗaura mata su. Baba ya ce to.