Lallen Hajiya a Ƙarƙashin Gado

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukata ta dawo daga Umara ba, kuma duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci sabo fil.

Kafin ta tafi ta kira ni gidanta a Mandawari, ta miƙo mini wani tsohon bokiti da dashen lalle a ciki. Daga bishiyar gidan mahaifiyarta ta samo shi, gidan da aka rushe aka yi shaguna. "Shi kaɗai ya rage mini na Inna," in ji ta. "Ke na ba wa, don ba kya wasa da amana."

To ni mace ce da kan dawo daga bakin titi don in duba ko na kashe risho. Ina ajiye bokitin a tsakar gida sai tunani ya taso. Ga zafin bazara, ga akuyar maƙwabta, ga ƙwallon yara. Na mai da shi rumfa, hankalina bai kwanta ba. Ƙarshe na tura shi ƙarƙashin gado na kifa masa baho.

Kada ku ce ban yi boko ba. Na tuna a firamare an ce tsiro ma yana numfashi, don haka na gasa ƙusa na huhhuda bahon (har ina jinjina wa kaina). Da ganyen ya fara zama ruwan ɗorawa na ce yunwa ce, na riƙa tsiyaya masa ɗan koko.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mijina, Baban Ummi. Mutumin nan aikin gona ya karanta! Kullum yana ganina a durƙushe, rabin jikina a ƙarƙashin gado, abin da yake cewa kawai, "Allah ya ba da lada." Bai taɓa tambayar me nake kiwo ba.

Ranar dawowar Hajiya dangi sun cika gidanta, ana raba dabino da zamzam, sai ta ce, "Maman Ummi, a ɗauko lallen Inna 'yan'uwana su gani." Na je na ɗauko, na buɗe a gabansu. Wani siririn abu ne fari fat, ya rankwafa, ganye duk ya zube, ga tsamin koko yana tashi.

Ƙanwar Hajiya, Anti Rabi, tsohuwar malamar makaranta, ta ce, "Ina kika ajiye shi, 'yar nan?"

Na faɗa. Har da hudojin na faɗa, don a san na bar shi ya yi numfashi.

"Numfashi kam ya yi," in ji ta, "shi ya ramar da shi. Numfashin nan abincin da ya tara yake ƙonawa. Sai da hasken rana ganye ke haɗa ruwa da iska ya yi sabo. Kin kashe masa murhu, kin bar shi da ci."

Wa ya fara dariya? Baban Ummi! Har da riƙe ciki. "Ashe lalle kike wa kulle!" Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta shafa karan a hankali, idonta ya kawo ruwa. Gara ta zage ni.

Ta datse shi ta ɗora a kan katanga, rana tsaka, inda ni ko maƙiyina ba zan ajiye ba. Kullum nakan ƙirƙiri dalilin zuwa gaisuwa don in leƙa. Baban Ummi kuwa sai da ya ci tuwo ba man shanu har ranar da na ga ɗan koren toho a gindin.

Yanzu in aka ba ni amana, nakan tambayi me take ci kafin in ɓoye ta. Lallen ya rayu. Amma har yau in Hajiya za ta yi tafiya, akuyar maƙwabta ta fi ni samun yarda.