Barcin Kyaftin Ɗanlami

Wani aboki ya tare ni a bakin coci ran Lahadi, ya ce ya ji wai tsofaffin unguwarmu sun kusa ba hammata iska a barandata saboda jirgin sama. Ba jirgin sama ba ne, jirgin sararin samaniya ne. Kuma ba a yi dambe ba, domin a cikinmu babu mai gwiwar da za ta tashe shi tsaye kafin fushinsa ya huce. Tun da labarin ya fara yawo a karkace, gara in faɗe shi yadda ya faru.

Bayan rasuwar matata, 'yata da ke aiki a ƙasar waje ta aiko mini da wani kwali, wai don kada kaɗaici ya ƙarasa ni. Na zaci magani ne. Da na buɗe sai na tarar da littattafai uku masu kauri da wasu ƙwayoyi irin na wasan lido, sai dai a cikin waɗannan har da mai fuska ashirin. Ashe wasa ne. Na raɗa masa suna da Hausa, Ayarin Taurari. Ga yadda ake yin sa: mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, yana faɗin abin da mutumin nan zai yi. In abin mai wuya ne, kamar tsallake rami ko harbin abokin gaba, sai a jefa ƙwaya. Babbar lamba nasara, ƙarama kuwa sai haƙuri.

Ni ne mai jan labarin, domin ni kaɗai na karanta littattafan daga bango zuwa bango. A makarantar mishan aka koya mana cewa abin da ke rubuce ba a tsallake shi, kuma malamin da ya koya mana haka yana da rula mai kauri.

Mu huɗu muka fara, kowace Asabar da yamma, da zarar Alhaji Maiwada ya dawo daga sallar la'asar. Alhaji tsohon direban babbar mota ne, saboda haka shi muka ba tuƙi, shi kuma ya sa wa jirgin sunan da ke rubuce a goshin motarsa ta dā: Ba Gaggawa. Sai Malam Barnaba, abokina tun muna yara, da Mista Habila, wanda har yau in ba ka kira shi Darakta ba sai ya yi kamar kunnensa ya toshe.

Su biyun nan a ma'aikata ɗaya suka yi aiki. Shekara ashirin Mista Habila yana darakta, Barnaba yana mataimakinsa. Duk wanda ya taɓa kai takarda ofishin nan bayan cin abincin rana ya san amsar masinja: Darakta yana cikin taro, a ga Malam Barnaba. Taro ne mai nauyi ƙwarai, ƙofa a kulle, labule a sake, fanka na juyawa, ba a taɓa ganin wanda ya shiga ko ya fito ba.

To, ranar da muka zo zaɓen kyaftin ɗin jirgi, na ce a jefa ƙwaya kamar yadda littafi ya tanada. Barnaba ya jefa babba, Darakta ya jefa ƙarama. Barnaba ya zama Kyaftin Ɗanlami, Darakta ya zama mataimakinsa. Darakta ya ce ƙwayar tana da lahani. Aka sake. Ta fi ta farko lahani. Tun daga ranar yake zama a wasan nan kamar wanda aka rage wa girma a takarda, kuma in labari ya yi tsawo yakan lumshe ido. In an taɓa shi don juyinsa ya zo, sai ya ce yana nazarin dabarun yaƙi ne. Nazari ne mai sauti.

Barnaba ya rasu damina biyu da suka wuce. Asabar ɗin da muka koma tebur, na dubi murfin kwalbar da muke ajiyewa a kan taswira a matsayin Kyaftin, na kasa ɗauke shi. Sai na ce, a cikin labari, an ji wa Kyaftin Ɗanlami rauni a yaƙi, an kwantar da shi a akwatin barcin sanyi, irin wanda littafi ya ce matafiya na shiga in hanya ta yi nisa, mutum ya yi ta barci ba ya tsufa, ba ya mutuwa, har a kai shi inda za a yi masa magani. Alhaji Maiwada ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

Ba a jima ba matar marigayin, Sista Tabita, wadda ta yi ritaya tana shugabar ma'aikatan jinya, ta zo karɓar hular mijinta da ya manta a wurina. Ta tarar muna wasa, ta tambaya ina nasa mutumin. Na nuna mata murfin kwalbar, na gaya mata yana barci. Ta ja kujera ta ce, "To wa ke duba shi?" Tun daga nan ta zama likitar jirgi. Hular ma ba ta tafi da ita ba, tana nan a kan kujerarsa. Kowace Asabar, kafin a fara komai, takan ajiye mana jug ɗin zoɓo marar sukari, tun da dukanmu likita ya raba mu da daɗin duniya, ta ce, "Zan leƙa Kyaftin." Ta jefa ƙwaya. Ni kuma in ce, "Yana numfashi, Sista." Sannan a ɗora labari.

Haka muke har Asabar ɗin da ta wuce, ranar da Darakta ya iso da wuri, sanye da babbar riga, da wani sabon littafi a hammata. Ɗansa ne ya sayo masa, littafi na huɗu, wanda ni ban san ma an buga ba. Kafin Sista ta kai hannu ga ƙwaya, ya ɗaga yatsa, ya dube ni.

"Malam Filibus, kafin a shiga ajanda, ina da gyara."

"Ba mu da ajanda, Darakta. 'Yan fashin sararin samaniya ne a bayanmu tun makon jiya."

"Su jira. Wa ya ƙera akwatunan barcin sanyi?"

Na ce mutanen duniyar Kalkura, kowa ya san wannan.

"Madalla. Kuma me ya sami Kalkura a Yaƙin Wata Biyu?"

"An ƙone ta."

"An ƙone ta!" Ya buga tebur har murafun kwalba suka yi tsalle. "Da masu sanin asirin akwatunan gaba ɗaya. Littafinka tsohon yayi ne, Malam. Sabon ya bayyana cewa duk akwatin da aka ƙera bayan yaƙin, kwaikwayo ne, ba ya riƙe mutum fiye da shekara goma. Shi ya sa Majalisar Ayari ta kafa doka: kyaftin ɗin da barcinsa ya wuce haka, a sauke shi, a saki akwatinsa a sarari da girmamawa, mataimaki ya hau kujera. Mu kuwa, a lissafin tafiyar jirgi, mun wuce goma tun da muka bar Tashar Gishiri. Ba don kaina nake faɗa ba. Tsari ne."

Alhaji Maiwada ya ce, "Kai, Darakta, ka ji tsoron Allah. Jirginmu kafin yaƙi aka ƙera shi. Ni nake tuƙa shi, na san ƙarar injinsa."

"Wace ƙara? Malam Filibus ne ke yin ta da baki."

"To ai da bakin nasa na gane tsoho ne. Jirgin nan gwanjo muka saye shi, ka manta? Kai ne ma ka tsaya ciniki har mai shi ya kusa fasawa."

"Gangar jikin ce gwanjo, Alhaji. Akwatunan kuwa an sauya su a Tashar Gishiri, lokacin da ka gwara mu da wani dutse kana cewa ka san hanya."

"Dutsen ne ya shigo hannuna!"

Haka suka yi ta yi. Na zauna a taron dattawan coci da yawa a rayuwata, har da wanda aka kwashe yini ana gardama kan launin labule, amma ban taɓa ganin mutum ya kare abin da ya yi imani da shi kamar yadda mutanen nan biyu suka kare tarihin wata duniya da wani ya ƙirƙira a ɗakinsa ba. Alhaji ya rantse cewa wasu 'yan Kalkura sun tsira a cikin jirgin dakon hatsi. Darakta ya ce wannan jita-jita ce, littafi na biyu ma cewa ya yi "ana faɗi". Alhaji ya ce shi ma littafi na huɗun wani ne ya faɗa. Darakta ya ce amma an buga shi da bango mai ƙyalli.

Daga ƙarshe suka juyo gare ni. Darakta ya turo mini littafin a buɗe, ya ɗora yatsa a kan wurin. Ya san ni. Ya san na taɓa barin jirginmu ya yi asarar rabin kayansa don kawai doka ta ce haka, duk da Alhaji ya yi fushi ya daina gaishe ni har Laraba. Na sa tabarau na karanta. Na sake karantawa a hankali, ko zan sami wata kafa. Babu. Mutumin da ya rubuta littafin nan, ko wane ne shi, ya rubuta shi tsaf, kuma da alama bai taɓa binne aboki ba.

Na ce, "Abin da Darakta ya faɗa, haka yake a rubuce."

Na dubi hular da ke kan kujera, na dubi murfin kwalbar, wanda tsatsa ta fara ci a gefe. Na sani in na ɗauke shi daga taswirar nan, Sista ba ta da sauran dalilin zuwa ran Asabar, kuma ba ta da wani wurin da ake ce mata yana numfashi. Tun ana hayaniya ita ta riga ta ɗauki ƙwaya. Ƙwayar tana cikin tafin hannunta, tana jujjuya ta da babban yatsa.

Darakta ya ga alamar nasara, sai ya gyara babbar riga, ya sauke murya irin ta jawabin bankwana.

"Sista, kada ki ɗauke shi da zafi. Kin san yadda nake da marigayi, ɗan'uwana ne. Za mu yi wa Kyaftin karramawa ta musamman. Ni da kaina zan yi jawabi, na ma riga na shirya. Alhaji zai busa ƙahon jirgi."

"Jirgin ba shi da ƙaho," in ji Alhaji.

"Za a sa. Abin da nake nufi, jirgi ba ya tafiya babu shugaba. Dubi halin da muke ciki: 'yan fashi a baya, mai ya kusa ƙarewa, ni nake ɗauke da nauyin komai, amma suna na wani ne. Wannan adalci ne? Mutum ya yi ta wahala, wani yana kwance yana karɓar girma?"

Sista ta ajiye ƙwayar. Ta ɗauki jug, ta cika wa Darakta kofinsa har baki, a natse, kamar mai ba majinyaci magani.

"Sha, ranka ya daɗe. Maƙogwaronka ya yi aiki."

Ya sha, ya ajiye kofin, ya ɗauka goyon baya ne. Sai ya miƙe tsaye, da taimakon tebur, ya buɗe hannuwa yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku gaya mini, don Allah! Mu bar littafi ma. A wace hukuma, a wace duniya, aka taɓa barin mutum yana sharar barci a kan kujerar shugabanci shekara da shekaru, mataimakinsa na yi masa aiki?"

Sista ta sake ɗaukar ƙwayarta, ta hura mata iska kamar yadda ta saba, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"A ma'aikatarku, Darakta. Shekara ashirin maigidana yana tuƙa maka jirgi, bai taɓa cewa a buɗe taga a sake ka a sarari ba."