Rasuwar Tayar Hagu, da Tumatir a Kanta

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, Maman 'Yan Biyu da maigidanta da yaransu suna sanar da dangi da maƙwabtan gona rasuwar Tayar Hagu ta tsohuwar tirelarsu da tarakta ke ja. Ta cika jiya da hantsi a kwanar rafi, da kwandunan tumatir a kanta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekarunta Allah kaɗai ya sani. Ko da aka kawo Maman 'Yan Biyu gidan, a bakin aiki ta tarar da ita, kuma tun lokacin ta suɗe tas, ba sauran zane a jikinta. Ta ɗauki taki, ta ɗauki yashi, ta ɗauki bulon ɗakin da ake kwana ciki yanzu. Ranar da naƙudar 'yan biyun ta tashi, ita ta kai Maman asibiti a kan katifa, tana ƙii-ƙii, ƙii-ƙii duk hanya kamar mai yi mata sannu. Ba ta da tsegumi, ba ta cin abincin kowa. Iska kawai take sha, ita ma sai an tuna da ita.

Ciwon ajalin da ƙusa ya fara. Aka yi faci. Ƙaya ta shiga, aka ƙara wani. A ƙarshe mai faci ya rantse cewa shi yanzu ba taya yake wa faci ba, facin yake wa faci. Sai wani kumburi ya fito mata a gefe kamar maruru. Maman ta faɗa wa maigida a canza ta, ta sake faɗa. Maigida ya naɗe wurin da tsohuwar roba, ya shafa ta, ya roƙe ta ta daure a gama tumatir. Ta daure iyakar ƙarfinta, wannan kowa shaida ne.

Maganarta ta ƙarshe ita ce fuuus, sannan ɗum. Ƙanin maigida da ke jan tarakta bai ji ba, ƙarar inji ta cika masa kunne. Haka ya ja gawar a kan tsakuwa har wilin ƙarfen da take kai ya lanƙwashe ya tsage. Maman ta yafe masa, don Allah ya ce a yafe, amma kada ya yi mata magana tukuna.

To ga inda abin ya tsaya. Taya an samu wadda za ta shiga. Wilin ne babu. Irin na da ne, mai huda shida da ƙaton rami a tsakiya, an daina yin sa. Mai walda ya duba ya girgiza kai, ya ce ko ya ɗinke ba zai kai su bakin rafi ba. Maigida ya zaga shagunan kayan gyara har ƙafarsa ta kumbura. Wani dariya ya yi masa. Wani ya ce rabonsa da ganin irinsa tun a madafar kakarsa, an ɗora tukunya a kai.

Marigayiya ta bar 'yar uwarta Tayar Dama, ita ma tana fama da ciwon gefe. Ta bar tirela a karkace kan duwatsu, da jak ɗin ɗaga mota na aro da mai shi ya fara aikowa a mayar masa. Ta bar marayu jajaye cike da kwanduna, na ƙasa sun fara zubar da ruwa, ga wasu a gona suna nuna ba su san an yi mutuwa ba. Ƙudaje sun riga kowa zuwa gaisuwa. Wannan tumatir shi ne shekarar gidan gaba ɗaya, shi ne abinci, shi ne makarantar yara. Mai babbar motar da zai kwashe shi yana bakin kwalta, motarsa ba ta shiga hanyar gona, kuma ya ce gobe da azahar zai tayar, da kaya ko babu. Maman ta kai goshi ƙasa ta faɗa wa Allah. Yanzu tana faɗa wa bayinsa.

Don haka tana roƙon mata, tsofaffi musamman, don girman Allah kowace ta sauke tukunya ta leƙa murhunta. In wili ne, a kakkaɓe toka a ƙirga hudojin. In shida ne kuma wuta ba ta cinye shi ba, a aiko ko da zafinsa. Za ta ba da murhun gawayinta sabo, ta haɗa da babbar tukunyarta, ba za ta waiwaya ba.

Jana'iza gobe in Allah ya kai mu, a kwanar rafi, da an sallame asuba. Ba wanka, ba likkafani. Za a raba gawar biyu, awaki su samu abin shan ruwa. Ba a tanadi tabarma ba, don ba zama za a yi ba. In wili ya samu, maza su kama a ɗaura. In bai samu ba, daga nan zuwa kwalta da ƙafa ne, kowa ya zo da tsumman da zai naɗa gammo. Wanda ya zo da addu'a kawai an gode, Allah ya ba da lada, amma shi ma za a ɗora masa kwando.