Wainar Sadakar Hindatu

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na tara matan unguwarmu a Kurfi na ciyar da su waina a kan warakar da ba ta samu ba.

Jikata Hindatu a hannunmu ta tashi, ni da maigidana Malam, Allah Ya jiƙansa. Tana da in'ina. Kafin ta ce "ina kwana" sai kunu ya huce. Na yi rubutu, na yi tofi, har na yi alkawarin ranar da bakinta ya sake zan yi sadakar waina.

Wata rana da hantsi ina shara, sai na ji ta a zaure suna karatu da Malam, murya biyu a haɗe. Ko tuntuɓe ɗaya babu! Na yar da tsintsiya. Ban tambayi Malam ba (ni da tambaya? ai na riga na jiƙa shinkafa). Har Wurma na aika wa ƙanwata Dije cewa yarinya ta warke.

Ranar Juma'a tsakar gida ya cika. Na tsayar da Hindatu gaban mata, ina ta washe baki.

"Gaida su Hajiya, su ji da kunnensu."

Ta buɗe baki. "I... i... i..." Ta tsaya cak.

"To karanta abin da kika karanta rannan!"

Ta runtse ido, ko harafi bai fito ba. Dije, da waina cike da baki, ta ce, "Yaya, mu amayar da wadda muka ci ne, ko a bar mu da ita?" Mata suka ƙyalƙyale. Ni kuwa da ƙasa ta tsage da na shige. Sai na ga hawaye a fuskar yarinyar, na gane kunyar da na ja mata ta fi tawa.

Can daga zaure Malam ya yi gyaran murya, ya ja Fatiha a hankali. Hindatu ta bi shi. Tiryan-tiryan har amin.

Da mata suka watse ya ce, "Amaryata ba warkewa ta yi ba, Hajiya. In ita kaɗai ke jin muryarta sai ta sarƙe. In ta ji wata a gefe sai ta dafa ta."

Daga baya wata ma'aikaciyar asibiti a Dutsin-Ma ta gwada kunnenta, ta ce ji kam tana ji sarai, yadda muryarta ke dawo mata ne ke rikita ta. Abin da Malam ya gano a kan buzunsa ke nan.

Damina biyu ke nan da rasuwarsa. Zauren ya yi shiru, kuma in na tuna gyaran muryar nan kuka nake yi, ba na ɓoyewa. Yanzu ni ke zama gefen Hindatu da 'yan surorina na salla. Muna ja tare, tana tsayawa tana gyara mini.

"K-kaka, ba haka Malam ke cewa ba."

Na sani, 'yar nan. Wa zai ce kamar shi?

Tun daga ranar wainar nan dai, ba na jiƙa shinkafa sai na leƙa zaure na tambaya. Sai dai yanzu ko na leƙa, buzu kawai nake tararwa.