Minti Ɗaya Da Muryar Malamina

Jiya da hantsi, bayan na roƙi Allah haƙurin bin layi, na nufi ofishin adana muryoyi da hotuna. Shekara uku ke nan da na miƙa musu kaset arba'in na karatun marigayi malamina, Allah Ya haskaka kabarinsa, bisa alkawarin za a zuba su a na'ura don amfanin al'umma. Yanzu ɗalibaina sun iso babin rabon gadon kaka tare da 'yan'uwa, wata gaɓa ta shige mini duhu, kuma na san warwararta tana kaset na sha bakwai.

Ma'aikaciya ta duba allonta. "Baba, matsayinka baƙo ne. Baƙo minti ɗaya yake ji."

"'Yata, ni fa na kawo su."

"Mai kawowa ba ya cikin jerin masu izini. Kuma rabin karatun yana na'urar wani gari, rabi a wani, kowanne da mai sa hannunsa."

Na karɓi mintina. Malam ya yi basmala, ya yi salati, ya gyara murya zai shiga mas'ala, sai na'ura ta yi tsit.

Allah Ya ƙara wa shugaban ofishin, Mai Girma Sarkin Makullai, basira! An ce tsarinsa mai sassauci ne, kuma na shaida: yana lanƙwasuwa ga direbansa da surukansa, a kaina kaɗai ya ƙame. Mai rijiya da ƙishi, masu wucewa da wanka.

Ina fita sai mai sharar ofishin, dattijo kamata, ya jingine tsintsiya.

"Allah gafarta Malam, na jiyo mintin naka, mas'alar kaka ce ko? Ai mu ma'aikata komai a buɗe yake mana. Da karatun nan nake shara, sau biyu na sauke shi."

Nan a kan matakala ya warware mini ita tsaf, har da tarin da Malam yake yi a tsakiya. Na zauna ƙasa da shi, kamar yadda ladabin ɗalibi ya hukunta.

Yau na koyar da babin nan lami lafiya. Da ɗalibai suka tambayi daga wa na karɓo, na ce: daga mai shara, daga na'ura, daga Malam.

Roƙona ga mai karatu ɗaya ne: kada labarin nan ya kai kunnen Mai Girma, gudun kada tsintsiya ma a sa mata lambar sirri.