Gwangwanin Taliyar Malam Barau

Ku da ba ku san Malam Barau mai awo ba, wallahi an yi ba ku. Rumfarsa na jikin tawa a layin 'yan hatsi, kuma tun da nake ban taɓa ganin ɗan Adam mai son taliya irinsa ba. A sa mata manja da yaji, shi ke nan, ko gobara ake yi sai ya suɗe kwano. To bara sai ciwon yanar ido ya kama shi, har ta kai gero da dawa sai ya shafa yake bambancewa. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don mai awo in ba ido ai sai zaman gida. Aka je asibiti, suka ce aikin ba wuya, amma sugansa ya hau, ba mai taɓa idon sai ya sauka. Suka haɗa shi da wata likita mai tsara wa masu ciwon suga abinci, yarinya ce ƙarama mai fara'a. Ta ce taliya ba za ta hana shi ba, amma gwangwanin madara ɗaya tak a rana, kuma a riƙa rubutawa a littafi. Bayan wata guda a dawo.

Ranar farko matarsa Tasalla ta dafa, ta ɗauko gwangwani za ta ɗiba daga tukunya. Malam ya daka mata tsawa.

"Ke! A gidan uban wa kika taɓa ganin an auna dafaffen abu? Shinkafa a dafe muke sayar da ita? Awo a bushe ake yin sa, kuma aikina ne. Miƙo."

Daga ranar ya karɓe aikin. Sai ya baje tabarma, ya kakkarya busasshiyar taliya ƙanana-ƙanana don kada iska ta ci masa wuri, ya ɗura, ya girgiza gwangwanin, ya bubbuga gindinsa a ƙasa, ya ƙara. Ya yi mata tozo, ya tare gefe da tafin hannu, sannan ya ɗebo cikin hannu guda ya watsa a kai, wai gyara. In an dafa, sai ta cika tire. Ya nannaɗe hannun riga ya tashi da ita, ya yi gyatsa, ya ce a rubuta. Tasalla ta rubuta: gwangwani ɗaya.

Na gan shi da idona, na ce, "Malam, anya haka likita take nufi?" Ya ce in yi harkar gabana, ni da ko mudu ban iya riƙewa ba. Raina ya ɓaci, na kama gabana.

Da wata ya cika ni na raka su, saboda ba ya ganin hanya sosai. Mutumin har da sabuwar hula, yana ta murna yau za a sa masa ranar aiki. Aka ɗora shi a sikeli, ya ƙara kilo uku. Aka soki yatsa, suga ya fi na da. Likita ta buɗe littafi tana bi layi-layi, gwangwani ɗaya, gwangwani ɗaya, har ƙasa. Ta ɗago kai.

"Baba, wa yake auna maka?"

"Ni da kaina, 'yata. Ai sana'ata ce."

Nan fa ya gyara zama ya shiga yi mata bayani dalla-dalla, da karyawar, da girgizawar, da tozon, har da gyaran, yana kwatantawa da hannu. Baiwar Allah ta ajiye biro ta dafe kai.

"Innalillahi! Baba, dafaffiya nake nufi. Busasshiya gwangwani ɗaya in ta dahu ai ta kusa uku. Naka kuwa da tozo da gyara ya fi huɗu."

"To ai ruwa ne ya kumbura ta. Ruwa kuma ke kika ce in riƙa sha da yawa."

Ni dai na juya fuska bango, dariya na cina. Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce aikin ido babu shi wannan watan, sai a sake wata guda, kuma daga yau Mama ce za ta riƙa aunawa daga tukunya, a shafe bakin gwangwani.

Malam ya miƙe tsaye, hula ta karkace.

"Wata guda kuma? Ina laifina? Gwangwani ɗaya kika ce, gwangwani ɗaya na ci! Ni mutum ne mai tsare awo, kowa ya sani. Tasalla, ke ce shaida, faɗa mata tsakaninki da Allah. Kin taɓa ganin na wuce awo?"

Tasalla ta gyara mayafinta, ko kallonsa ba ta yi ba.

"A kasuwa dai, Malam, ko sau ɗaya."